Bisimillar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Zane

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga Islamiyya, 'yan mata uku suka biyo ni gida, wai sun ji an ce ina zane a kwamfuta Turawa suna saye. Babbarsu ta miƙo mini wayarta ta ce, "Anti, ai ni ma na iya. Hoto ake ɗauka, a danna nan, shi ke nan ya zama zane." Na karɓa na duba. Furen zoɓo ne. Na sa yatsu biyu na buɗa shi, sai ga gefen ganyen kamar inda akuya ta yi kiwo. Na mayar mata da wayarta, na ba su ruwa, na ce su gaida iyayensu. Abin da zan rubuta a nan nasu ne da ire-irensu, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Na fi shekara goma sha biyar a wannan sana'a, daga cikin ɗakina a Kabo. Akwai kasuwa a intanet inda masu zane ke ajiye aikinsu, masu buƙata su zo su saya. Shafina da ke can shi nake kira shago, ko da yake ba shi da ƙofa ba shi da kwaɗo. Akwai shekarar da babu abin da ke ɗora tukunya a gidanmu sai wannan shago, kuma a shekarar ce na kwashe kayan cikinsa da hannuna na zubar. Kafin in kai ku can, sai kun san abin da ake sayarwa.

Hoton da kuke ɗauka da waya tarin ɗigo ne, in aka buɗa shi sai ya dishe. Namu ana ce masa bekta, layi ne da ƙulli. Ki kafa ƙulli a nan, ki kafa wani a can, ki lanƙwasa layin da ke tsakaninsu. A jikin kofi aka buga shi ko a jikin tirela, kaifinsa ɗaya ne. Kuma wanda ya saya ba kallo kawai ya saya ba. Fayil ɗin gaba ɗaya ake ba shi, ya buɗe, ya ɗaga wannan, ya cire wancan, ya canza launi yadda ya ga dama.

Zanen farko da aka taɓa biya na a kansa na hula ne, ina aji biyu na sakandare. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ke Kutama, ita ke zana wa matan unguwarsu hula kafin su ɗinka. In na je hutu sai ta shimfiɗa farin yadi a bayan tire, ta ba ni biro, ta zauna tana gyaran wake tana kallona ta gefen ido. Ranar na zana wani ganye na bar bakinsa bai haɗu ba, tazarar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta ajiye faifan waken ta ce, "Ke, wannan layin ina za shi?"

Na ce, "Gwaggo ai ba a gani."

"Ke ba kya gani. Allura tana gani. Layin da ya fita bai koma gida ba, ɗan iska ne."

Ta sa na wanke yadin na sake. Ban san cewa shekaru masu zuwa wani Bature da ban taɓa gani ba zai riƙa dawo mini da aiki a kan wannan magana tata ba, sai dai shi da Turanci yake faɗa, kuma ba ya ba ni ƙosai bayan ya yi faɗan.

Kwamfuta kuwa a wurin Yaya Habu na koya, babban wanmu. Da can shi mai zanen allon shago ne a Gwarzo. Duk kan da kuka gani a ƙofar mai aski, da saje da gemu, hannunsa ne. Da aka ƙaddamar da shari'a sai masu shaguna suka riƙa kiransa ya zo ya shafe fuskokin da shi da kansa ya zana. Ya ce wata biyu ya yi yana cin abinci da farin fenti, daga nan aiki ya ɗauke ɗif. Sai ya sayar da gonar da ya gada, ya sayi tsohuwar kwamfuta da injin bugawa, ya koma katin biki da kalanda. Ni kuma na gama sakandare ina zaune a gida, sai ya rataya labule a kusurwar shagon, ya ajiye mini kujera a bayansa.

Ganyen zogale ɗaya ya ba ni. Ya manna shi a gefen gilashin kwamfutar ya ce in zana. Na yini a kai, da la'asar na kira shi ya gani. Ya danna wani wuri, launi ya ɓace, sai ƙashin zanen kawai, layuka da ƙulle-ƙulle.

"Ƙulli nawa ne a nan?"

Na ƙirga na ce, "Talatin da uku."

"To Allah ya karɓi ibada. Ganye na ce ki zana ko carbi? Huɗu. Ki yi shi da huɗu."

Mako biyu na yi a kan ganyen nan. Wuyan hannuna ya kumbura, Inna ta riƙa shafa mini man kaɗe. Amma daga ranar da ya fito da ƙulli huɗu, santsi kamar an lashe, na gane abin da yake nufi. Yawan ƙulli ba ƙwarewa ba ne, rawar hannu ce. Wannan dannawa da kuke yi waya ta juya muku hoto, ƙulli dubu take zubawa a inda huɗu za su isa, kuma masu tantance aiki a kasuwar suna ganewa tun daga nesa.

Bayan an kawo ni Kabo ne Yaya ya ji labarin kasuwar a bakin wani ɗalibi da ya zo buga takardu. Shi ya buɗe mini shagon, ya haɗa shi da bankinsa, ya samo mini tsohuwar laftof wadda batirinta ba ya kai dahuwar shinkafa. Ya ce, "Mutane ake saye. Likita, mace riƙe da waya, yara a makaranta. Ki zana mutane." Na ce sai na tambaya. Surukina, Baba Malam, yana karantarwa a zauren gidansu, sai na aika Baban Ummi, maigidana, ya tambayar mini. Amsar ta dawo gajeriya: itace, fure, gini, ƙwarya, duk ta zana, mai rai ta bari. Yaya ya yi tsaki ya ce na rufe wa kaina babbar ƙofa. Wataƙila haka ne. Sai na koma kan abin da na tashi a ciki, adon hula, saƙar faifai, zanen lalle, da adon da ake yi a fuskar tsofaffin gidajen ƙasa.

Goma na aika a karon farko, goma suka dawo. Masu tantancewa su ne waɗanda ke duba aiki kafin a bari ya shiga kasuwa. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na san halinsu kamar mun haɗa katanga. Ba gaisuwa, ba ban haƙuri, layi ɗaya ne. Wannan akwai layin da bai rufe ba. Wancan an bar ɗigo a wajen shafi. Wani kuma na manta hoton takardar da na bi na zana a cikinsa. Duk na yarda laifina ne. Amma akwai dalili guda da ya hau kan goman gaba ɗaya, wai akwai rubutu a saman shafi, a cire.

Rubutun Bisimilla ce. Tun ina firamare ban taɓa fara shafi ba tare da na rubuta ta a sama ba, ko lissafi ne, ko wasiƙa, ko jerin cefane. Haka Inna ta koya mana. Da na koma kwamfuta hannuna ya ci gaba da abin da ya saba, in na buɗe sabon shafi ita nake fara sawa da haruffan Larabci, sannan in kafa ƙullin farko. Na kira Yaya na karanta masa. Ya ce, "To mene ne abin tambaya? Ki goge." Na ce to. Na zaɓi rubutun, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, yatsan ya ƙi sauka. A gidanmu ko guntun takarda aka gani a ƙasa da sunan Allah, ɗauka ake yi a cusa a ramin bango. Yaya za a yi in danna abu ɗaya in watsar da shi kamar shara?

Sai na yi dabara, kuma a lokacin na ɗauka wayo ne. Na mayar da rubutun ya zama zane, na ƙanƙanta shi ya koma kamar ƙwayar shinkafa, na sa shi a kusurwa, na tura shi can ƙasa. Kowane zane yana da shimfiɗar launi a bayansa, kamar zanin gado da aka jera kaya a kai. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa na kwantar da shi. A hoton da ake nuna wa masu saye ba ya fitowa. Na gyara sauran kurakuran na sake aikawa, takwas suka wuce. Na yi sujadar godiya a kan tabarma. Ban gaya wa Yaya ba, ban gaya wa kowa ba, ba don ina ɓoyewa ba, sai don ban ga abin faɗa ba. Daga ranar duk fayil ɗin da ya fita daga hannuna da ita yake fita.

Aikin da ya fi kowanne karɓuwa na faifai ne, kuma da goyon Ummi a bayana na yi shi. Irin zanen da ake jerawa ne, a maimaita shi hagu da dama, sama da ƙasa, ba a ga inda aka haɗa ba. Wahalarsa a baki take. Abin da ya fita ta gefen dama dole ya shigo ta hagu daidai wurin, kamar mai ɗinki tana haɗa furen atamfa a tsakiyar baya. In ya kauce da kaurin gashi, aka jera shi ɗari, sai a ga layi ya ratsa daga sama har ƙasa. Na kife faifan da muke rufe fura da shi a gabana, na ƙirga zagayensa, ja biyu, baƙi ɗaya, ruwan kaba uku. Kwana tara ya ci, don wuta sai ta ga dama take zuwa, in ta zo kuma sai in sauke tukunya in ruga. Aikawa ma wani aikin ne. Modem ɗin da nake shiga intanet da shi ba ya kama sabis sai a tagar kicin, nan nake rataye shi da igiyar zani. Fayil ɗaya kan ɗauki dahuwar wake, wani lokaci ya kai ƙarshe ya yanke, a sake daga fari.

Sai kuma kalmomin nema. Kowane zane sai an rubuta masa kalmomin da mai saye zai buga ya same shi, da Turanci. Da fari na rubuta faifai, na rubuta kaba, na zauna jiran ciniki. Wata guda ko ƙuda bai sauka ba. Wa zai nemi faifai a ƙasar da ba a san fura ba? Sai na ciro ƙamus ɗina na sakandare wanda bangonsa ya cire, na koyi tunani irin na mai saye, ba abin da zanen yake ba, abin da za a yi da shi. Masu sayen ban san su ba. Wani lokaci a nuna mini sunan ƙasa kawai, in tambayi Baban Ummi, da yake malamin firamare ne, ya nuna mini a taswira. Ba su yi mini sannu da aiki ba, ban yi musu ragi ba.

Abu ɗaya da ban taɓa yi ba shi ne kwafar atamfa. Maƙwabciyata ta sha kawo mini zaninta ta ce, "Maman Ummi, ga wannan, ki zana ki sayar, wa zai sani?" Kowane zanen atamfa da mai shi. In aka kama, shagon ake rufewa gaba ɗaya, in ba a kama ba kuma akwai Wanda ya gani. Haka tambarin kamfani, ko a jikin gwangwani ne. Haka kuma zane ɗaya a canza masa launi sau ashirin a ce ashirin ne, dawo da su ake yi.

Shekara shida ina haka, shagon ya cika, zane ya haura ɗari uku. Sai mummunar shekarar ta zo. Kwanon masara ya ninka, man fetur ya tashi, albashin malamai ya riƙa zuwa wata ɗaya ya tsallake biyu. Komai na gidan ya tsaya sai shagon, don da kuɗin waje ake biya, kuma kuɗin waje tare da farashi yake hawa. Daga cikinsa muke ci, daga cikinsa ake kai cefane gidan Baba Malam, daga cikinsa ake sayen maganin hawan jinin Gwaggo.

Cikin daminar shekarar aka sa bikin 'yar yayar Baban Ummi a Durun. Uwar amarya ta ce ba ta neman komai a wurina sai ledar rabo mai kyau, irin wadda ake sa wa baƙi cincin da alewa. Na sa zanen faifan a fulash, ɗan abin nan da ake ɗura fayil a ciki, na aika wa Yaya. Ledar ruwan ɗorawa ce, don haka ya cire shimfiɗar bayan zanen ya jera shi ya buga. Ta yi kyau ƙwarai, mata suna ta tambayar wa ya yi.

Bayan la'asar an ci an sha, tsakar gida ta cika da ledoji a ƙasa, yara suna ja, ana takawa. Akwai wata tsohuwa, Inna Kulu, mai koya wa matan ƙauyen karatu. Ina zaune kusa da ita sai na ga ta juye cincin ɗinta a cinya, ta kai ledar dab da idonta, ta matsar, ta sake kawowa.

"Wa ya buga wannan?"

Uwar amarya ta ce da fara'a, "Ga ta nan kusa da ke, Inna, matar ƙanina ce. Har Turawa saye suke."

Inna Kulu ta juyo ta ce, "'Yar nan, idona ne ko kuwa? Karanta mini nan."

Na karɓa. A tsakanin kowane faifai da ɗan'uwansa ga ta nan, ƙarama, baƙa, sarai. Na ƙirga goma sha biyu a fuska ɗaya ta ledar. Na ɗaga kai na dubi tsakar gidan.

Tsohuwar ba ta yi mini faɗa ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta tafa hannu ta ce, "Jama'a, kowa ta ɗaga ƙafarta! Sunan Allah ne a ƙasa!" Kiɗan ƙwarya ya tsaya. Mata da gwala-gwalai da leshi suka duƙa suna tsinta. An ciro wata daga bakin kwata, an ƙwace wata a bakin akuya, wata an naɗe ƙashin kaza a ciki, wata an sa takalman yaro. Wata mata tana tsinta tana cewa, "Ikon Allah, mun zo cin shinkafa mun ɓuge da aikin lada." Wata ta amsa, "Ke dai tsinci, wataƙila shi ne kaɗai za ki tarar." Aka yi dariya kaɗan aka ci gaba. Waɗanda suka riga suka tafi aka bi su da waya, har Kano. Muka wanke na wankewa, muka tara a buhu, washegari aka ƙona a bayan gari aka binne tokar.

Kwana biyu bayan haka na je Gwarzo. Yaya ya riga ya ji, har an fara cewa shagonsa ne ke buga sunan Allah a leda. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya buɗe fayil ɗin, ya ɗaga shimfiɗar, ya nuna da bakin biro.

"Ke kika sa?"

"Ni ce."

"A wannan kaɗai?"

Na tsura wa bakin biron ido.

"Ke nake tambaya. A nawa?"

"Duka, Yaya."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan injin. Ya ce, "Kin san abin da na fara yi da na buɗe shi? Cire bayan. Kowane mai bugawa a duniya abin da yake fara yi ke nan. Ni da na sauke Alƙur'ani ban lura ba, ina ga wanda zai ɗauka wani ɗan ado ne? Kuma kin san inda ake buga irin wannan zanen?" Ya buɗe shagona, ya shiga kalmomin nema na faifan, ya juyo mini da gilashin. Ban buƙaci ƙamus ba, ni na rubuta su. Kafet. Tayil. Shimfiɗar ƙasa. Tabarmar bakin ƙofa. Takardar naɗe kaya.

Wannan karon da kaina na je wurin Baba Malam, na durƙusa daga bakin zaure na faɗa masa komai. Ya ce, "Me ya hana ki gogewa tun farko?" Na ce na ji nauyi ne. Ya ce, "'Yata, allo fa? Kullum ba wanke shi muke yi ba? Gogewa ba wulaƙanci ba ne. Barinsa inda za a taka shi ne wulaƙanci." Sannan ya ce abin da ya wuce ban sani ba, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, kuma niyyata ya gani. Na ce to wanda ke cikin shagon yanzu fa? Ya ce, "Ni ban san kasuwarku ba. Ban ce ki rufe yau ba, ban ce ki bari gobe ba. Ke kika san ko ana saye kullum." Ya san ana saye kullum. Tuwon da zai ci da daddare daga nan ya fito.

Na rubuta wa masu kasuwar da Turancina na sakandare, na tambaya ko za a bar ni in musanya fayilolin da gyararru. Amsa ta zo bayan kwana huɗu. Ba a musanyawa. Sai dai in goge, in sake aikawa a matsayin sabo, ya bi layin tantancewa, ya fara daga baya. Wanda kuma aka riga aka saya, ya zama na mai shi har abada. Ku da ba ku sani ba, a wannan kasuwa zanen da aka fi saye shi ake fara nuna wa mai nema. Faifaina ya yi shekaru yana shafin farko. Sabo kuwa a shafi na ɗari yake faɗawa, inda ba mai zuwa.

Na karanta wa Baban Ummi amsar yana zaune a kan turmi yana gyara takalminsa. Ya ce, "Maman Ummi, ni ban ce kar ki cire ba. Cewa na yi ki bari a yi girbi. Wata uku ne. Ki riƙa gyara ɗaya kina cire ɗaya."

Na ce, "A wata ukun mutum nawa za su saya?"

"Shekara shida suna saya."

"Shekara shida ban sani ba."

"To me za mu ci? Baba me zai ci? Maganin Gwaggonki fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya sa takalmin ya fita. Kwana biyu ba mu sake tayar da maganar ba. A kwana biyun an sayi faifan sau uku, ina ganin sanarwar tana shigowa.

Bayan na goge su, na gyara su duka na sake aikawa, wannan ya ci mini kusan shekara. Da yawa an dawo da su, wai irinsu sun yi yawa a kasuwa yanzu. Waɗanda suka shiga ba su sake ganin shafin farko ba har yau. Na yi awara na sayar, na yi ɗinkin hula. Don haka in kun zo koyo, abin da zan fara sa ku ba zane ba ne. Za ku buɗe fayil, ku kashe launi, ku dubi ƙashinsa, ku ɗaga kowace shimfiɗa ku ga abin da ke kwance a ƙasa. Abin da ba ku so baƙo ya samu, kar ku bar shi a ciki, don in ya fita ba ya dawowa.

Bari in koma ranar gogewar. A rana ta uku bayan waccan magana, da safe ina shara sai na ji Baban Ummi ya fito da babur ɗinsa. Ya goge kujerar da tsumma, ya ce, "Ɗauko mayafinki da kwamfutar. Sabis ɗin gidan nan ba zai goge ɗari uku ba." Ya kai ni shagon Yaya a Gwarzo, ya ce yana da 'yar hidima a kasuwa, ya wuce.

Ba a gogewa a tare. Ɗaya-ɗaya ne, kuma kowanne sai an tambaye ki ko kin tabbata. Yaya ya tayar da janareta, ya zauna yana karanto mini sunayen ina dannawa. Da muka zo kan na hula ya ce, "Wannan ai na Gwaggo ne." Na ce, "Karanta na gaba." Muka tashi muka yi azahar muka dawo. Wuyan hannuna ya riƙa zafi kamar lokacin ganyen zogale. Yaya ya sayo gurasa, ba wanda ya ci.

Ana kiran la'asar Baban Ummi ya shigo da sallama, wani mai baro yana biye da shi da buhun masara biyu. Ya leƙa ta saman kafaɗata.

"Kin gama?"

"Saura faifan."

Na duba ƙofar shago, inda ya saba jingine babur. Babu komai sai baron.

Na ce, "Malam, ina babur ɗin?"

Ya ce, "Danna mu tafi, kar motar Kabo ta cika."